"Ai Da Yardarsa Na Doke Shi": Shin Wannan Hujja Ce A Gaban Alƙali?

Duk wanda ya taɓa kallon sharo a rugagen Mbororo da ke kewayen Tuboro ya san yadda abin yake. Saurayi ya tsaya ƙirji a buɗe, ɗan'uwansa ya zabga masa tsumagiya, shi kuwa ko gezau, har da murmushi. Babu wanda ya tilasta shi. To amma idan bulalar ta fasa ido, ko ta kwantar da yaro wata guda, me doka za ta ce?

Wannan tambaya ba ta tsaya ga sharo da dambe ba. Ta shiga har ɗakin ma'aurata, musamman yanzu da wayar salula ta kawo wa samarin kasuwar Mbaibum hotunan wata ɗabi'a da Turawa ke kira BDSM, wato mutum biyu baligai su amince ɗaya ya ɗaure ɗaya, ko ya doke shi, don jin daɗin saduwa. Maganar akwai nauyi a baki, amma gara a faɗe ta.

Dokar hukunta laifuka ta Kamaru, wadda aka sabunta ran 12 ga Yuli, 2016, rauni take dubawa, kuma da kwanaki take auna shi. Idan takardar likita ta nuna mutum ya kasa aiki fiye da kwana 8 har zuwa kwana 30, sashe na 281 ya tanadi ɗaurin kwana 6 zuwa shekara 2, ko tarar sefa 5,000 zuwa 50,000, ko duka biyun. Idan ya haura kwana 30, sashe na 280 ne, wata 6 zuwa shekara 5. In kuwa rai ya salwanta ba da niyya ba, sashe na 278 ya ce shekara 6 zuwa 20. Waɗanda doka ta ɗauke wa laifi su ne likita a bakin aikinsa da ɗan wasan motsa jiki da ya kiyaye ƙa'idar wasan. Ba ta ambaci miji da mata a cikinsu ba.

Kada mai karatu ya ɗauka a Turai an saki linzami. A Ingila 'yan sanda sun kama wasu maza da suka ɗauki irin wannan harka tasu a bidiyo. Babu ko ɗaya cikinsu da ya kai ƙara, kowa ya ce da yardarsa. Duk da haka a 1993 kotun ƙoli ta Majalisar Dattawa, alƙalai 3 a kan 2, ta tabbatar da ɗaurinsu a shari'ar da ake kira ta Brown. Suka garzaya kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, ita ma a 1997 ta juya musu baya. A 2021 Ingila ta rubuta shi ɓaro-ɓaro cikin doka, bayan an sha jin mazan da suka kashe mata suna cewa wasa ne ya wuce gona da iri.

Nan ne inda abin ya shafe mu. Matar da aka shaƙe ta mutu ba ta da bakin ƙaryata "ta yarda". Wadda ke raye ma, da wuya ta tsaya gaban jandarma ko jauro ta bayyana abin da ya faru a ɗaka, don kunya da tsoron saki. A ganina yardar da aka samu da barazanar kishiya ko hana kuɗin cefane ba yarda ba ce.

Fatakenmu masu ƙetarawa Najeriya su lura. Tsohuwar dokar Penal Code ta Arewa, sashe na 55, ta ƙyale miji ya ladabtar da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba, yayin da dokar VAPP ta 2015 ta mai da dukan abokin aure laifi. Da zarar an dawo Garwa ko Tuboro kuwa, babu wani sashe na 55 da za a fake da shi. Kwanakin da likita ya rubuta su alƙali zai ƙirga.