Fizgar Gaɓoɓi a Cutar CJD

Cutar Creutzfeldt-Jakob, wadda likitoci ke kira CJD, tana cinye ƙwaƙwalwa cikin gaggawa. Wani furotin mai suna firiyon ne ke lanƙwashewa ba daidai ba, ya yi ta gurɓata 'yan'uwansa har ƙwaƙwalwa ta yi huji-huji kamar soso. Likitocin Jamus ne suka fara bayyana ta a 1920 da 1921. Mutum ɗaya ko biyu cikin miliyan take kamawa a shekara, galibi dattawa, kuma akasari ba sa cika shekara da ita.

Takan fara da mantuwa da tangaɗi, sannan fizga ta biyo baya. Hannu ko kafaɗa ko ƙafa ta zabura farat ɗaya ba da son mai ita ba. Kwano ya faɗi ko a bugo ƙofa, sai jikin majinyaci ya zabura gaba ɗaya.

A nan ake tafka kuskure. A Ribah da ƙauyukan Danko/Wasagu, kamar sauran wurare, da an ga tsoho yana fizga sai a ce iska ce ko jifa, a fara zargin kishiya ko maƙwabci. Sai turare da hayaƙi da ihu a kunne, ya ƙara zabura, a ce ai ga aljanin ya motsa. Ƙarar ce ke tayar da fizgar, domin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke riƙe motsi sun lalace. Abin haushi ne a ɗaure mara lafiya ko a guje shi, alhali cutar ba ta yaɗuwa ta numfashi ko musafaha ko cin abinci tare. Mafi yawanta haka kawai take tasowa. Kaɗan gado ce, kaɗan kuma ta naman shanu masu makamanciyar cutar, kamar yadda aka gano a Ingila a 1996.

Ciwon ƙoda da na hanta da farfaɗiya da wasu magunguna ma suna kawo fizga, kuma su ana iya yi musu magani. Don haka a garzaya asibitin Zuru da wuri, a nemi a tura majinyaci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda likitocin ƙwaƙwalwa za su bincika. CJD ba ta da waraka, amma akwai magungunan rage fizgar, sai dai da umarnin likita. A rage hayaniya da cincirindon 'yan dubiya. A shimfiɗa masa a ƙasa, nesa da murhu. A tashe shi zaune kafin a ba shi kunu da cokali a hankali, kada ya shaƙe. A riƙa juya shi saboda gyambon kwanciya, a kuma yi masa addu'a cikin taushin murya.