Kafin a goge karcen agogo, a duba bayansa

A masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai da ke Kano, agogon hannun ma'aikaci ba ya daɗewa bai karce ba, saboda gogayya da injina.

Ana iya gyara ƙaramin karce a gida. A rufe gilashin da salatif, a ɗiga man goge ƙarfe irin Autosol a ƙyalle mai laushi, a murza a hankali.

Sai dai wannan na agogon bakin ƙarfe zalla ne. Idan an rubuta "Stainless Steel Back", murfin baya kaɗai ake nufi. Jikin galibi ruwan gwal ko na azurfa aka yi masa. Murza shi na cinye ruwan, garin gyaran gira a rasa ido.