Kalangu Ba Ganga Ba Ne: Sunayen Kayan Kiɗanmu A Bakin Turanci

Digil mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, cikin Jihar Adamawa, dab da iyakar Nijeriya da Kamaru. Ƙasar Mubi ta zauna a hannun Jamusawa, sa'an nan Ingilishi, kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta haɗa ta da Nijeriya. A nan Fulatanci da Hausa suke zaune tare da Gude da Fali da Margi da sauransu, kowane harshe da sunayen kayan kiɗansa. Amma yaron da ya shiga makarantar boko a Digil, da sunayen Turanci zai fara cin karo a littafi, su kuwa ba a yi su domin kayanmu ba.

Mai karatu ya duba kalmar "drum". Da ita kaɗai Bature yake kiran ganga da kalangu da kotso da taushi da jauje da tambari da dundufa. Ga Bahaushe kuwa, kowanne da siffarsa, da mai shi, da ranar fitarsa. Kalangu fata biyu gare shi, ana rataya shi a hammata, a matse tsirkiyarsa a sassauta don muryarsa ta hau ko ta sauka. Tun asali kiɗan mahauta ne da 'yan dambe, kafin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya kai shi ko'ina. Kotso fata ɗaya ne, da hannu ake kaɗa shi, shi ne kiɗan Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo a fada. Dundufa ta maƙera ce. Tambari kuwa na sarki ne, ba a buga shi don talaka komai dukiyarsa. To, in aka ce duk "drum" ne, ina aka bar wannan tsari?

Haka abin yake ga masu tsirkiya. Garaya da gurmi da molo da kuntigi, sau da yawa akan ce musu jitar gargajiya. Alhali kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya tak gare shi. Garaya biyu, ta maharba ce da 'yan bori. Molo uku, shi ne Fulani suke kira hoddu. Goge ma akan kwatanta shi da "violin", amma shi ƙwarya ce da fatar guza da izgar doki, kuma yana da ƙanwa, watau kukuma. A wajen busa, kakaki ya fi ƙarfin a ce masa "trumpet" kawai, domin Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya shigo da shi fada, ya zama alamar sarauta.

Wannan ba ƙyamar aron kalma ba ce. Algaita da bandiri daga Larabci muka samo su, yau babu mai ce musu baƙi. Jita da fiyano sun shigo daga Turanci sun zauna, har akan kira makaɗan finafinan Kano 'yan fiyano. Aro yana da kyau in abin ne baƙo. Ɓarna tana zuwa ne in aka ɗora baƙon suna a kan abin gida mai sunansa.

Abin lura, masanan Turai da kansu sun gane haka. A 1914 Hornbostel da Sachs suka fito da tsarin da ya raba kayan kiɗan duniya gida huɗu: masu fata, masu tsirkiya, na busa, da waɗanda jikinsu ne yake ƙara, kamar ƙwaryar kiɗan amada ta Barmani Choge. A 1971 kuma David Ames da Anthony King suka buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a Amurka, suka bar kowane abu da sunansa na Hausa, bayani kawai suka yi da Turanci.

Saboda haka, lalle ne malamai su koyar da sunayen biyu tare: ɗalibi ya san kalmar Turanci don jarrabawa da hulɗa da duniya, ya kuma san kotso daban, kalangu daban. Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya duk a Mubi suke. Ya kamata su tura ɗalibai Digil da ƙauyukan kewaye, su rubuta sunayen kayan kiɗan Gude da Fali da Fulani daga bakin tsofaffin makaɗa tun suna raye. Ranar da babu mai iya kiran sunan abu, ba a daɗewa a rasa mai iya ƙera shi. Allah Ya sa masu abin su ji.