Tsohon babur ba shi da kwamfuta, amma fuloginsa na magana

Motar zamani idan ta samu matsala, na'ura ake jona mata ta turo bayani kan waya. Matashin da ya gaji Honda CG125 daga mahaifinsa kuwa ba shi da wannan gatan. Babur ne da Honda ta fito da shi a tsakiyar shekarun 1970 domin ƙasashen da ake wahalar da inji ba a kula da shi, kuma babu wata kwamfuta a jikinsa. Kafireta ce ke haɗa iska da fetur kafin su shiga inji.

Haɗin da fetur ke ƙonewa tas shi ne kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Idan mai ya yi yawa, salansa na fitar da baƙin hayaƙi mai warin fetur, babur ya yi nauyi, tanki ya riƙa ƙarewa da wuri. Idan iska ce ta rinjaya, inji na zafi fiye da ƙima, yana shaƙewa in an murɗa totur, salansa na tas-tas in an saki.

Na biyun ya fi haɗari, kuma shi mutane ke jawo wa kansu. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, masu babura da dama na neman bakanike ya ɗaure musu kafireta don ta rage shan mai. Matsalar ita ce CG125 iska ke sanyaya injinsa, ba ruwa ba. Haɗin da mai ya yi wa ƙaranci na ƙara zafi, kuma in abin ya daɗe yana iya ƙona bawul ko ya lalata fistin. Kuɗin da aka adana a gidan mai sai ya tafi wurin sauke inji, har da ciko.

Fulogi shi ne allon da ake karanta duk wannan. A yi tafiya mai ɗan nisa, a kashe inji, a bari ya huce, a kwance fulogin. Baƙi mai busasshen kunkunniya na nufin mai ya yi yawa. Fari fat na nufin ya yi kaɗan. Ruwan ƙasa mai haske shi ake nema. Baƙi mai maiƙo kuma ba laifin kafireta ba ne, baƙin mai ne ke hawowa, galibi saboda ringi ya ci.

A nan waya ke da rana. A ɗauki hoton fulogin a hasken rana, ba da fitilar kyamara ba don tana sauya launi, sannan a sake ɗauka bayan kowane gyara a kwatanta. Haka kuma a ɗauki hoton kowane mataki kafin a warware kafireta, domin ƙananan sassanta na da saurin rikita mutum wurin mayarwa.

Sai dai kafin a taɓa ko sukuru ɗaya, a duba matatar iska. Lokacin hunturu ƙura na toshe soson da ke ciki, iska ta ragu, mai ya yi yawa. Wanke shi kaɗai kan kashe maganar. Sannan a duba robar da ta haɗa kafireta da inji: in ta tsufa ta tsage, iska na shiga ta bayan fage. Alamarta ita ce silo ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai. Babur da ya daɗe a ajiye kuma, tsohon fetur ne ke daskarewa ya toshe ƙananan ramukan jet. A wanke da maganin feshi da iska, kada a zura waya ko allura, don ramin na faɗaɗa kuma ba ya komawa.

In duk waɗannan lafiya lau, sai a lura da inda matsalar ke fitowa. Daga silo zuwa kwatan totur aikin ƙaramin jet ne da sukurun haɗi. Tsakiyar totur na allurar kafireta ne. Ƙarshensa na babban jet ne. Wanda babur ɗinsa ke shaƙewa a gudu yana ɓata lokaci ne in ya tsaya murɗa sukurun silo.

Shi kansa sukurun haɗin iri biyu ne. In yana ɓangaren inji, sassauta shi na ƙara mai. In yana ɓangaren matatar iska, sassautawa na ƙara iska. A bari inji ya ɗau zafi, a riƙa juyawa kwata-kwata ana saurare har a kai inda ƙarar ta fi tashi da daidaito, a rubuta adadin juyin a waya. Akwai manhajojin da ke ƙiyasta gudun inji ta makirufo, amma hayaniyar gareji na ruɗa su.

Wuri ma na da tasiri. Babur da aka saita a Kano, in aka hau da shi Jos da ke kusan mita 1,200 sama da teku, zai ɗan ƙara baƙanta fulogi, domin iskar can ba ta kai ta ƙasa kauri ba.