Megar ɗalibi da kuɗin albasa

Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010 kuma yau take ɗauke da sunan masanin tarihi Djibo Hamani, ta kawo wa 'ya'yan Madawa, Buza da Keita karatu kusa da gida. Ta kuma tara wa kamfanonin waya masu saye wuri guda. Su huɗu ne ke zawarcin ɗalibi: Airtel, Moov Africa, Niger Telecoms, da Zamani Telecom da ta karɓi Orange a 2019.

Mai aljihu babu nauyi, me ya sa ake rububinsa? Domin shi ne idon gidansu. Shi ake tambaya wane layi za a saya wa tsohuwa, shi ke buɗe wa ƙane WhatsApp, shi ke haɗa kira da yayan da ya tafi biɗa Abijan ko Libiya. Kamfanin da ya kama ɗalibi ɗaya, ya kama zuri'a.

Sai dai a dubi abin da ake sayar masa. Megar intanet mai araha yawanci ta dare ce, ko ta yini guda, wadda ke mutuwa in wa'adi ya cika ko an taɓa ta ko ba a taɓa ba. Mai laccar safe ya raba dare yana sauke takardun darasi, ya wayi gari yana gyangyaɗi a aji. Ga kuɗin kuma ba daga sama suka faɗo ba: na albasar fadamun Madawa ne, ko bursi da kan yi jinkiri, ko jika biyun da ɗan'uwa ya turo ta kamfanin aika kuɗi na Nita. A ganina, a bar irin wannan kuɗi ya ƙone saboda agogo ya buga, zalunci ne.

Akwai kuma batun rezo. Ƙasar Adar, inda Tawa take, tudu ce da kwari. Layin da ke gudu a birnin Tawa kan yi shiru a wasu ƙauyukan Keita da Buza, daidai lokacin hutu da ake jiran sakamakon jarrabawa.

Hukumar ARCEP ce ke da ikon sa ido kan farashi da ingancin layi. Ƙungiyoyin ɗalibai su kai mata buƙata a rubuce: tsarin wata guda mai rangwame ga duk mai katin jami'a, wanda ke aiki dare da rana, ragowar megarsa kuma ta ƙetara zuwa watan gaba.