Fatoman Babura Da Dillalin Da Ke Cikin Waya

 Wannan bayani ne a kan masu gidajen saukar baƙi na ƙasar Babura da maƙwabtanta, watau Kazaure da Roni da Gwiwa, da yadda baƙo ke neman masauki a wannan zamani, da abin da ya wajaba ga mai masauki in yana so a same shi, ya kuma tsira da mutuncinsa.

Dattawa sun san yadda al'amarin yake a zamanin ayari. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, kamar Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, ba su sauka gidan wanda ba a ba su labarinsa ba. Kowane gari na ciniki yana da fatomansa, shi ne maigidan baƙi. Shi ke ba falke ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in za a yi cinikin bashi. Galibi ba kuɗin ɗaki ne abin dogararsa ba, rabonsa yana cikin la'ada. Saboda haka jarinsa na gaskiya sunansa ne. In madugu ya yabe shi a zango, baɗi ayari ya cika masa gida. In kuwa aka ce awakin wane sun ɓace a hannunsa, ko an ci amanar wani a zaurensa, to, labarin zai riga shi isa Salaga. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, motoci suka biyo baya, sai aikin nuna masauki ya koma hannun direbobi da 'yan kamasho na tasha. Duk da haka, baki ne ke gaya wa kunne.

Babura gari ne na kan hanya. Wanda ya taso daga Kano ya nufi Babban Mutum, ya ƙetare iyaka zuwa Magarya da Damagaram, ta nan yake bi. Da kaka masu sayen riɗi da zoɓo suna kewaya ƙauyuka, masu dabbobi kuma suna ratsawa zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Sa'an nan a 2021 gwamnatin tarayya ta kafa jami'ar fasaha a Babura, a shekarar kuma aka ɗora harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta bi ta Kazaure da Daura. Waɗannan abubuwa suna jawo wani irin baƙo dabam: uban da ya rako ɗansa makaranta daga nesa, malamin jami'a, injiniya, wakilin kamfani. Irin wannan baƙo bai san kowa a gari ba, ba ya kuwa tambayar ɗan kamasho. Tun yana gidansa yake buɗe waya, ya rubuta sunan gari, ya duba abin da taswira za ta nuna masa. In bai ga masauki a Babura ba, sai ya ɗauka babu, ya gama abin da ya kawo shi da rana, ya koma Kazaure ko Kano ya kwana. Kuɗin ɗaki ya tafi, na mai abinci da mai shayi da mai wanki duk sun bi shi, alhali kuwa ga ɗakuna nan a share babu kowa.

To, dillalan cikin waya iri biyu ne, ya kamata a rarrabe su. Na farko shi ne taswirar Google Maps, wadda aka fara a 2005. Wannan kamar mai nuna hanya ne, ba ya karɓar ko kwabo don ya rubuta sunan gida. Mai masauki zai buɗe shafin sana'arsa, wanda ake kira Google Business Profile, ya sa suna da lambar waya da wurin da gidan yake. Daga nan kamfanin zai nemi ya tabbatar gidan nasa ne, ko dai ta wata lamba da za a aiko masa, ko ta hoton bidiyo da zai ɗauka ya nuna allon ƙofa da titi da cikin gida. Kamfanin da kansa ya bayyana abu uku da yake dubawa kafin ya gabatar da wani gida a kan wani: dacewar gidan da abin da mai nema ya rubuta, kusancinsa da wurin da ake nema, da kuma shahararsa. Kusanci ba ya hannun kowa, amma sauran biyun aikin mai gida ne.

Na biyu su ne dillalai na sosai, masu kama wa baƙo ɗaki su ɗauki la'ada. Babbansu Booking.com, wanda aka kafa a ƙasar Holan a 1996. A Nijeriya kuma akwai Hotels.ng, na Mark Essien. La'adar Booking.com takan kai kamar kashi 15 cikin 100 na kuɗin kwana. Watau in ɗaki naira 10,000 ne, 1,500 na dillali ne, mai gida ya tashi da 8,500. Sharaɗinsu kuwa mai nauyi ne: kullum sai an gyara lissafin ɗakunan da suka rage, domin in baƙo ya kama ɗaki ta hannunsu ya iso ya tarar an ba wani, nauyin sama masa wani masauki yana wuyan mai gida. Saboda haka mai ɗaki biyar ko shida, wanda ba shi da akawun da zai zauna kan waya, ya fi masa alheri ya fara da taswira, ya ƙware a kanta, kafin ya ɗauki alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Kada kuma ya rataya arzikinsa duka a wuyan dillali guda, gama dillali yakan tashi daga kasuwa. Kamfanin Jumia ya yi wannan sana'a ta kama ɗakuna a Nijeriya shekaru, ya bar ta a 2019.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ɓatar da baƙo, waɗanda gyaransu ba ya cin kuɗi. Na ɗaya suna. Sunan da ke kan allon ƙofa shi za a rubuta a waya, harafi da harafi, ba ƙari ba ragi. Sunan garin ma, yadda ake rubuta shi da boko a takardun hukuma, daidai yake da jam'in babur, don haka a riƙa haɗa shi da Jigawa a cikin adireshi da bayani. Na biyu wuri. Yawancin lungunan garuruwan nan ba su da suna a rubuce, kwatance ake yi da masallaci ko gidan mai ko bakin tasha. Sai mai gida ya tsaya a ƙofarsa da waya ya kafa alamar taswira daidai wurin, domin in alamar ta kauce, baƙon da ya iso bayan isha'i zai yi ta buga ƙofar mutane. Na uku lambar waya. A sa wadda ake ɗauka dare da rana, gama wanda ya kira sau biyu ba a amsa ba, ya wuce gaba ke nan.

Abin da ya fi waɗannan hatsari shi ne mabuɗin shafin. Da yawa cikin dattawa ajami suke karantawa, boko sai an karanta musu, sai su ba wani yaro ya buɗe musu. Ba laifi, amma lalle a buɗe da lambar mai gida da adireshinsa na imel, a rubuta kalmar sirri a ajiye inda ake ajiye takardar gida. In yaro ya buɗe da sunansa, ran da aka ɓata ko ya bar gari, ya tafi da ƙofar gidan a aljihu. Gidan da mai shi bai karɓi shafinsa ba kuwa, kowa na iya aika gyara a kansa, ta nan macuta kan sa lambarsu, su karɓi kuɗin kama ɗaki daga baƙo, baƙo ya iso yana zargin wanda bai ci ba bai sha ba. Duk wanda ya bugo waya ya ce daga Google yake, a biya shi kuɗin rajista ko a karanta masa lambar da aka aiko, a san ɓarawo ne.

Sai maganar hoto da yabo, a nan ne malamai ke da abin faɗi. Hadisi ya zo da labarin mai sayar da abinci wanda ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa hannu ya gano, ya kuma yi hani mai tsanani ga algus. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a kowane zaure, ta hana yaudara da ɓoye aibi a ciniki. To, wanda ya ɗauko hoton otal na Abuja ya ce ɗakinsa ne, ko ya rubuta akwai wuta har safe alhali janareta na mutuwa ƙarfe goma sha biyu, me ya raba shi da mai abincin nan? Haka wanda ya tara 'yan'uwa da abokai, waɗanda ba su taɓa kwana a gidan ba, su ba shi taurari biyar, ko su je su ɓata maƙwabcinsa da tauraro ɗaya. Wannan ɗan'uwan najashi ne, watau zuga farashi daga wanda ba saye zai yi ba, ga shi kuma shaida ce a kan abin da ba a gani ba. Dokar kamfanin ma ta hana, takan share irin wannan yabo in ta gano.

Gaskiya ba ta korar baƙo. Falke da malami ba gadon sarki suke nema ba. Suna son su sani ko akwai ruwa, ko sola ce ko janareta, da ƙarfe nawa ake kashewa. Ko akwai gidan sauro, da mai gadi, da wurin ajiye mota da kaya. Ko masallaci na kusa. A ɗauki hoton ɗaki da makewayi da rana yadda suke, ban da fuskar baƙi, ban da cikin gida inda iyali suke. A rubuta kuɗi a gyara shi duk ran da ya sauya. Sharuɗɗan gida kuma, kamar hana giya da neman shaidar aure, a faɗe su tun a shafi, domin wanda ba su yi masa ba ya sani tun bai taso ba.

In baƙo ya rubuta suka, kada a rama da zagi, domin amsar mai gida duniya ce ke karantawa, ba mai sukar kaɗai ba. In gaskiya ya faɗa, a gode masa, a gyara famfon, a ce an gyara. In kuwa ƙazafi ne, a bayyana yadda aka yi cikin ladabi, a kai ƙara ga kamfanin. Wanda ya ji daɗin kwana, ba laifi a roƙe shi ya rubuta abin da ya gani, muddin ba a saye bakinsa da ragi ko kyauta ba.

A da, maganar madugu takan shuɗe in ayari ya watse. Ta yanzu a rubuce take, tana nan shekara da shekaru, ana karanta ta a Legas da Yamai. Mai masaukin da ya riƙe amanar da fatoman farko suka riƙe ba shi da abin tsoro a cikin wannan, sai ma riba. Allah shi ba masu nema halal, shi kai matafiya masaukinsu lafiya.