Kafin Ku Ƙona Data Kan Manhajar Rubuta Kiɗa

'Yan ƙungiyar kiɗa sun kawo mana kuka: sun sauke manhajar MuseScore don su rubuta sautin taken makaranta, amma ta ƙi hawa kwamfutar ɗakin gwaji. Da muka bincika, sai muka tarar ba laifin manhajar ba ne.

MuseScore kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Sai dai sigar ta 4, wadda ta fito a Disambar 2022, tana buƙatar Windows 10 ko sama, mai 64-bit. Tsofaffin kwamfutocinmu kuwa Windows 7 ke kansu. Irin waɗannan sai dai a sa musu siga ta 3.6.2, kuma ta ishe mu wannan aiki.

Masu cewa za su yi a waya, ku dakata. MuseScore ta Android ta karantawa ce da saurare, ba a rubutu da ita. Flat da Noteflight suna buɗewa a burauza, amma Noteflight sai da intanet.

Ga inda aka fi yin asara. Wanda ya yi aiki a gida da siga ta 4, fayil ɗinsa ba zai buɗe a ta 3 ba. Don haka ku riƙa ajiye kwafi a tsarin MusicXML, wanda yawancin manhajojin nan ke karantawa. Masu amfani da Finale sun ga amfaninsa a Agustan 2024, lokacin da kamfaninta ya daina sayar da ita bayan shekara 35.